Shekara Goma Sha Biyar a Wasiƙar Malam Bilya

Da farar hula suka karɓi mulki, Malam Bilya ya sa wankakkiyar rigarsa ya nufi shagon Morenike mai tafireta a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, don ta buga masa wasiƙar neman aiki. Ya zayyano mata shekarunsa na akawu daki-daki, har zuwa shekarar da soja suka kori ma'aikata. Nan ya tsaya.

Morenike ta ce, "Baba, saura shekara goma sha biyar. In sa kuna sayar da gawayi?"

Ya dubi baƙin da ya maƙale a faratansa, ya dunƙule hannu.

"A'a, 'yata. Rubuta ina jira. A rediyo na ji sunana cikin waɗanda aka kora, har yau ba wanda ya miƙo mini takardar sallama."