Ƙarfen Keken Shuka

Shekara bakwai Wendel maƙeri ya yi yana ƙera keken shuka, wanda doki ɗaya zai ja, ya tsaga ƙasa, ya zuba hatsi a jere, ya rufe. Mai ƙasar, Graf Eberwin, shi ke sayen ƙarfen, amma sai Wendel ya yi ta zarya kamar mai maula, don hankalin Graf yana wajen wani wai shi Ottmar. Shi Ottmar cewa yake ƙarfe zinariya ce da ba ta nuna ba, in aka ba shi wuta da gishiri zai nunar da ita. Ya cinye ƙarfen fada kaf a tanderunsa, bai fitar da komai ba sai hayaƙi mai wari. Da asiri ya tonu ya gudu, aka kamo shi, aka jawo shi a bayan doki har fatar gwiwarsa ta saɓule. Graf ya rantse a kan ƙarfe zai rataye shi.

Da hantsi sai ga Kunz, wakilin Graf, a maƙera da sojoji huɗu.

"Maƙeri, wurin rataya ake so. Turaku biyu da sanda a sama, duka na ƙarfe."

"To, a kawo ƙarfen."

"Ga shi nan a bayanka, har da ƙafafu," in ji Kunz yana nuna keken.

"Wannan jibi zai shiga gona."

"Gonar uban wa? Da kuɗin wa aka yi shi?"

Wani soja ya ɗaga gatari ya fasa akwatin iri, hatsi ya watse. Wendel bai san lokacin da ya sakar masa guduma a muƙamuƙi ba, sai haƙora a ƙasa. Sauran suka yi masa rubdugu, suna tattaka shi, suna dukansa da gindin mashi, har ya ji abu ya ce ƙas a ƙirjinsa.

Kunz ya ce, "Ku ci haƙarƙari son ranku, amma ban da hannu. Hannun na Graf ne."

Kwana uku Wendel yana aikin, yana tofar da jini, soja na tsaye a kansa. Da hannunsa ya kwance keken, kowane guntu ya san ranar da ya ƙera shi. Ya yi kuka, bai ma ɓoye ba. Abin haushin, shi mutum ne da bai iya aikin banza ba, ko da gayya. Wurin ratayar ya fito a miƙe, ba tangarɗa ko ɗaya.

Ranar kisa mutane suka bar shuka suka cika kasuwa. Aka fito da Ottmar cikin rigar ƙyalƙyali don a yi masa dariya, ana jifansa da duwatsu, ido ɗaya ya riga ya rufe. Da ya zo daidai inda Wendel yake, sai ya tsaya.

"Maƙeri, ba ƙarya na yi ba fa. Ni ma na yarda zai yiwu."

Wendel ya tara yawu zai tofa masa, sai ya kasa. Aka hau da Ottmar tsani, aka sa masa igiya a wuya, aka ture tsanin, mutumin ya daɗe yana shure-shure kafin ya saki. Sandar ko motsi ba ta yi ba.

Graf ya sa aka kira Wendel, fuskarsa cike da fara'a.

"Aikinka ya yi kyau. Surukina ya gani, yana son irinsa a garinsa, amma mai ɗaukar mutum uku. Ƙarfe, gawayi, duk abin da kake so za a kai maka gobe, ba sai ka roƙa ba."

"Ranka ya daɗe, keken fa?"

"Wane keke?"

Wendel ya tsaya dafe da haƙarƙarinsa. Shekara bakwai yana jiran ya ji wannan magana daga bakin mutumin nan. Ya haɗiye jinin da ke bakinsa, ya tambayi tsawon da ake so.