Lambun Morjina Ya Gudu

Ladan bai gama kiran asuba ba Morjina ta sauko bakin rafi, ta tarar da gorar da ake ɗaure lambunta a tsaye ita kaɗai, guntun igiyar rama yana lilo a jikinta. Lambun babu shi.

Da hannunta ta tara kainuwar nan, ta danne ta hawa-hawa har ta ruɓe ta zama dogon tsibiri a kan ruwa, ta shuka kuɓewa da duma a kai. Kuɓewar ma ta fara fure. Ga shi lokacin janyewar ruwan teku ne, ruwan rafi yana ja, kuma duk abin da rafin nan ya ɗauka babban kogi yake kai wa, inda manyan jirage masu inji suke ratsawa. In lambu ya faɗa can, sai dai labari.

Ba ta tashi mijinta ba. Ta tumɓuke gorar, ta kwantar da ita a ƙaramin kwalekwalenta, ta ɗaure bakin zani a ƙugu, ta tsoma filafilin tuƙi.

Rafin shiru, sai tururi mai sanyi da ke tashi a kansa. Itatuwan kwakwa sun sunkuyo ta gefe da gefe, agwagi ko fitowa ba su yi ba. Tun tana yarinya take tuƙi a nan, ta san inda ruwa ya fi gudu, sai ta riƙe tsakiya.

A kwanar rafi ta biyu ta iske Kawu Sobhan, tsohon masunci, yana janye taru.

"Ke Morjina! Ina zuwa da sanyin nan, ko yaji kika yi?"

"Kawu, ba ka ga lambuna ba?"

"Au, naki ne? Yanzu ya wuce ni, ko gaisuwa babu. Na ce wannan wa ya yi masa tarbiyya?"

"Maigidan ne. Shi ya ɗaure shi jiya."

Tsoho ya yi dariya har da tari, sannan ya gimtse fuska. "Koma gida, 'yata. Bakin kogi ko mu maza sai mu biyu."

"To biyo ni, ka zama na biyun."

Ba ta jira amsa ba.

Ta hango lambun daf da inda rafi ke buɗe baki, yana tafiya a karkace, furannin suna rawa kamar ba abin da ya faru. Ta gane ja da igiya ba zai yi ba, lambun ya fi kwalekwalenta nauyi nesa ba kusa ba. Sai ta sha gabansa, ta ɗaura igiyar kwalekwalen a ƙugunta, ta taka ta hau lambun. Ƙafafunta suka nutse har idon sawu. Ta ɗaga gorar da hannu biyu, ta soka ta a tsakiyar lambun, ta bi ta da nauyin jikinta har ta kama laka.

Gora ta lanƙwashe, ta yi ƙara. Lambu ya juya sau ɗaya a hankali. Ya tsaya.

Morjina ta sauke numfashi. Can gabanta wani jirgi ya wuce, igiyar ruwansa ta girgiza su, gora ba ta saki ba. Ta san kafin hantsi ruwan teku zai juyo ya cika rafi kamar kullum, shi da kansa zai tura su gida. Sai ta tsuguna tsakanin kuɓewa, ta fara cire ciyawa.