Wutar da Ta Fito Daga Gidan Hammajoda

Tun ranar Laraba ake sanarwa a rediyo cewa kamfanin wuta zai ɗauke wuta a unguwar Inkil ranar Asabar, daga takwas na safe har biyar na yamma, don a canza wasu turaku da ruwan damina ya karkatar. Kowa ya ji sai ya yi tsaki. Hammajoda ne kaɗai ya yi dariya.

"Su ɗauke wata guda ma," ya ce wa 'yan majalisar ƙofar gidansa, yana nuna rufinsa da sanda. "Ni ta Allah nake sha."

Bafulatani ne da ya bar ruga shekara ashirin da suka wuce, ya zauna a gari yana dillancin shanu. Matarsa Madina 'yar Ƙofar Ran ce. Takan sayi madara wurin dangin mijinta, ta yi kindirmo ta zuba a robobi, masu shaguna su zo su sara. Firiza biyu gare ta, saboda su aka ɗora faifan sola goma sha biyu a kan rufin. Ƙaninta Hafizu ne ya yi aikin, don sana'arsa ke nan.

Tun ranar aikin shi da Hammajoda ba su rabu da daɗi ba. Hafizu ya ce a sayi inbata, na'urar da ke mayar da wutar sola ta zama ta gida, mai aiki da batir. Hammajoda kuwa dama ya daɗe yana zargin dangin matarsa na cikin ganuwa da yi masa kallon ɗan daji, sai ya ɗauka Hafizu so yake ya ci da guminsa. Ya tafi kasuwa da kansa ya sayo wata inbata marar batir, ya dire ta a tsakar gida ya ce ita za a haɗa. Hafizu ya fara yi masa bayanin halinta, ya ɗaga masa hannu ya ce ba wa'azi ya kira shi yi ba. Layin unguwarsu shi ne ke kai wuta wani injin casar shinkafa, da wuya a ɗauke ta da rana. In ma an ɗauke na ɗan lokaci, Hammajoda yana kara, kasuwar shanu. Madina ta sha ganin wutar solar tana tafiya tare da ta waje, amma ta san halin mijinta, ba ta gaya masa ba.

Ranar Asabar firizojin biyu cike suke da kindirmon wani biki da za a yi washegari a Ƙofar Dumi. Ƙarfe takwas daidai fanka ta tsaya. Hammajoda ya leƙa inbata, ya ga jar fitila tana ƙiftawa. Ya ce rana ce ba ta ɗaga ba. Goma ta yi, sha ɗaya ta yi, rana ta take har kwanon rufin yana ƙara, amma ko ƙwai ɗaya bai kama ba. Daga waje ya jiyo wani daga cikin 'yan majalisa yana tambaya da ƙarfi ko yau ta Allah ma an ɗauke. Aka fashe da dariya.

Ya kira Hafizu a waya, bai ko amsa gaisuwarsa ba. "Ka zo ka ga ɓarnar da ka yi mini."

Hafizu ya iso a kan babur, ya dubi inbatar sau ɗaya ya miƙe. "Alhaji, lafiyarta ƙalau. Haka aka yi ta. Sai ta ji wutar waje take tashi, da an ɗauke sai ta kashe kanta."

"Ka ji maganar banza. Ga rana tana ƙona mutane, ka ce mini sai ta jira nepa? To amfanin me?"

"Gidanka a haɗe yake da layin waje. In ta ci gaba da aiki, wutar za ta bi waya ta fita har kan turke. Yanzu da zan shigo na wuce ma'aikata a bakin kwana, mutum yana sama riƙe da waya. Don su aka yi ta haka."

"Ina ruwana da su? Su suka saya mini faifan?"

"Na so in gaya maka tun ranar, ka ce ba wa'azi ka kira ni ba."

Hammajoda ya matso har ƙirjinsu ya kusa haɗuwa. "Da gangan ka yi. Ka bar ni a haka don a yi mini dariya, ku koma Ƙofar Ran ku ce ɗan Fulani ya sayi abin da bai sani ba. Buɗe ta ka cire abin da ke hana ta."

"Ba zan taɓa ba, Alhaji."

"To fita daga gidana."

Madina ta fito daga ɗaki tana cewa, "Baban Sauda, don Allah," amma bai ko dube ta ba. Hafizu ya ɗauki jakarsa. A zaure ya ce wa yayarsa kada ta buɗe firiza ko sau ɗaya, sanyin zai riƙe na wasu awoyi, shi zai shiga gari ya samo mata ƙanƙara.

Yana fita Hammajoda ya aika a kira Ɗanlarai, wani mai gyaran fanka da dutsen guga a bakin titi, wanda bai taɓa cewa bai iya wani aiki ba. Ɗanlarai ya zagaya inbatar yana kaɗa kai.

"Wannan ai ƙaramin aiki ne. 'Yan boko ne ke son wahalar da mutane. Kana da janareta?"

Akwai wani ƙarami a lungu, wanda ba ya iya ɗaukar ko firiza ɗaya. Ɗanlarai ya ce ya isa: za a tayar da shi a haɗa da wayoyin gidan, inbata ta ji wuta ta ɗauka ta waje ce ta dawo, sai ta tashi. Ya feƙe waya da haƙori ya soka a soket ɗin bango. Bai cire fis ɗin da ke raba gidan da layin waje ba, bai ma tuna da shi ba. Aka ja janareta. Bayan ɗan lokaci jar fitila ta koma koriya, fanka ta juya, firiza ta yi gurnani. Hammajoda ya nufi ƙofa don ya kira 'yan majalisa su shigo su gani da idonsu.

Bai kai zaure ba ya ji ihu daga bakin kwana.

Ma'aikacin da ke kan turke, Zakka, tun safe ya gwada wayar ya tabbatar babu wuta. An riga an raba ta da taransifoma, bakin da ke hannunsa shi ne wanda ya nufi layin gidajen su Hammajoda. Ya cire safar hannu don ya ɗaura ƙulli sai wuta ta ja shi. Ya sandare, ya yi baya, igiyar da ya ɗaure ƙugunsa da ita ce ta hana shi faɗowa ƙasa. A cikin gida kuwa janareta ya yi tari ya mutu, inbata ta sake komawa ja.

Aka sauko da Zakka hannunsa na dama a ƙone, yana numfashi da ƙyar, aka sa shi a motar aiki aka yi asibiti da shi. Shugaban ma'aikatan, wani dattijo mai suna Amos, bai bi motar ba. Ya tsaya tsakiyar titi yana bin rufin gidaje da kallo ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya sauka a kan faifai goma sha biyu. Ya taho da mutanensa uku, jama'ar unguwa na biye.

"Wane ne mai gidan nan?"

"Ni ne. Lafiya?"

"Lafiya kake tambaya? Wuta ta fito daga gidanka ta kusa kashe mini mutum. Kwana uku muna shela a rediyo!"

"Ni dillalin shanu ne," in ji Hammajoda. "Me na sani game da waya? Ku tambayi wanda ya haɗa."

A daidai lokacin keke napep ya tsaya a ƙofar gidan, Hafizu ya sauko yana jan buhun ƙanƙara. Hammajoda ya miƙa sandarsa. "Ga shi nan. Shi ya yi aikin tun daga farko har ƙarshe."

Kafin Hafizu ya gane abin da ake ciki, ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ci kwalarsa ya haɗa shi da bango. Wani ya kai masa naushi a baki. Buhun ya faɗi, ƙanƙara ta tarwatse a ƙasa. Hafizu yana cewa su tsaya su ji, babu mai saurare. Hammajoda yana tsaye a gefe yana kallo.

Madina ce ta fito, mayafinta a karkace, ta ratsa tsakiyar maza. "Ku sake shi! Wallahi ba shi ba ne. Shi an ce ya yi ya ƙi, aka kore shi. Ku shigo ku gani."

"Koma ciki!" Hammajoda ya daka mata tsawa.

"Ba zan koma ba, Baban Sauda. A gabanka za a kashe ɗan'uwana a kan abin da ka san bai yi ba?"

Amos ya bi ta ciki. Ɗanlarai ya riga ya haura katanga, ya bar takalminsa ɗaya da filaya. Wayar da ya soka tana nan daga janareta zuwa bango, fis yana zaune a wurinsa. Amos ya duba aikin Hafizu, ya duba na Ɗanlarai, ya fito ya ce a saki Hafizu. Sannan ya tsaya gaban Hammajoda.

"Na'urar nan ta fi ka tausayi. Ita ta san akwai mutum a sama ta tsaya, kai ka tilasta ta."

Ya sa aka kafa tsani aka yanke wayar gidan daga turke, aka naɗe ta aka jefa a mota. Kafin la'asar 'yan sanda suka zo suka tafi da Hammajoda. Kwana biyu ya yi a can kafin dattawan unguwa su karɓo shi, da sharaɗin zai ɗauki jinyar Zakka. Kindirmon biki rabinsa ya yi tsami.

Da ya dawo bai nemi Hafizu ba. Abin da ya riƙe shi ne matarsa ta tozarta shi a gaban maza, ya daina cin abincinta. Bayan mako biyu Madina ta sa aka kwashe firizojinta zuwa gidan mahaifinta a Ƙofar Ran. Da farko kullum takan je da safe ta dawo da yamma, daga baya ta fara kwana biyu, uku. Manya sun zauna sau biyu, kowane zama da faɗa aka tashi.

Tun a makon farko Hafizu ya je asibiti duba Zakka, leɓensa bai gama sacewa ba. Ya tarar da shi zaune a gado, hannu a naɗe, matarsa Patience tana ba shi kunu a cokali. Likita ya ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Hafizu ya yi sannu, ya faɗi sunansa, ya fara bayanin cewa ba shi ya soka wayar ba.

"An gaya mini," in ji Zakka. "Amma kai ka hau rufin ka ɗora. Ka san mutumin ba ya jin magana, ka bar masa abin ka tafi. Ku kuna ɗorawa kuna wucewa, mu ne muke hawa turke."

Hafizu ya ajiye ledar lemon da ya kawo a gefen gado. Patience ta ɗauka ta miƙa masa, ta ce sun gode, ya tafi da abinsa.