Tsohuwa Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Hayaƙi Zakiyya ta hango ta kan katanga, ta zari mayafi ta faɗa gidan maƙwabcinta da gudu. Ta tarar da Dakta Attahiru zaune kan tabarma, ya rame ya zama ƙashi da rai, yana yagar wani littafi yana sakawa a murhun gawayi.

"Baba Dakta, mi kaka ƙonewa haka?"

"Sunaye na, ɗiyata," in ji shi.

Duk unguwar Mabera an san shi da binciken ƙwaƙwalwa, har yara na ce masa likitan da ba ya allura. Shekaru ya yi yana zama da tsofaffin mata arba'in masu ciwon mantuwa, yana rubuta abin da suke faɗa. Cikinsu har da Inna, mahaifiyar Zakiyya, wadda ta rasu tana kiran 'yarta "baiwar Allah" kamar baƙuwa. Abin nan ya tsaya wa Zakiyya a rai. So take ta san ko Inna ta tafi da saninta, ko da ɗan kaɗan ne.

A takardun da ya wallafa kuwa babu sunan kowa, sai lamba. Wannan littafin ne kaɗai ya haɗa kowace lamba da mai ita.

"Don Allah ka hwaɗa min lambar Inna kahin ka ƙone."

"Na yi musu alkawali babu mai ji. In na buɗe miki ɗaya, na buɗe sauran. Kuma tahiya ta matso, ba ni barin shi hannun kowa."

Ta yi kuka, ta yi magiya, har ta ce masa ya cika taurin kai. Bai musa ba. Ya dai ci gaba da yaga har bangon littafin ya ci wuta.

Ran Alhamis da hantsi ya cika. Zakiyya ta ji haushinsa, ta kuma yi kukansa fiye da wasu danginsa.

Ranar addu'ar uku, 'yarsa Balkisu ta zauna cikin mata tana karanta saƙonnin ta'aziyya a waya. Masana daga ƙasashen da Zakiyya ba ta taɓa jin sunansu ba suna cewa a kan aikinsa suka ɗora nasu. Takardarsa ɗaya ma an ambace ta fiye da sau dubu, kuma kusan kowa maganar tsohuwa mai lamba goma sha huɗu yake kawowa.

"Mi tac ce?" Zakiyya ta tambaya.

Balkisu ta fassara mata maganar da Hausa a hankali. "Cewa ta yi: sunan ɗiyata ya ɓace min, huskarta ma haka. Amma in ta taho, tun daga zaure nika gane takunta, sai raina shi kwanta."

Zakiyya ta riƙe hannun Balkisu. "Shekarunta nawa? Wace unguwa?"

"Ba a rubuta ba, Yaya."

Tsofaffi arba'in ne, kuma kusan kowace tana da 'ya. Zakiyya ta yi sallama ta fito. Da ta shiga zauren gidansu sai ta rage sauri, tana jan silifas ɗinta a kan siminti, tana saurare. Ɗakin Inna na nan a rufe, labulen ƙofar yana ɗan motsi.