Yatsu Uku

"Sake yi in gani," in ji Maman Tsigi, soso a hannunta, kumfa na ɗiga a ƙafarta.

Tsigi na tsaye cikin baho, 'yar shekara huɗu, siririya kamar tsinke. Ta haɗa yatsu uku, ta taɓa goshi, ta taɓa ƙirji, sannan kafaɗa da kafaɗa, tana dariya.

"Wa ya koya miki?"

"Iya ce take yi."

"Ita ta ce ki yi?"

Tsigi ta koma wasa da ruwa abinta.

Iya mai ɗinki ce, ɗakinta na jikin nasu a gidan haya, bango ɗaya ya raba su. Kirista ce, kowa ya sani. Ita ke riƙe Tsigi daga safe zuwa la'asar tun da Maman Tsigi ta samu aiki a gidan burodi, don baban yarinyar direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya.

Daga ranar hankalin Maman Tsigi bai sake kwanciya ba. In ta ɗauko yarinyar sai ta shinshina goshinta ko an shafa mata wani mai. Ta duba wuya ko an rataya wani abu. Ta zazzage aljihu, ba ta samun komai sai maɓallai da ƙyallaye. Ran hutunta kuwa kunne take mannawa a bango, ta ji ƙarar keken ɗinki, ta ji tari, ta ji Iya na ce wa Tsigi, "Ke ƙawata, sakar min almakashi kafin ki yanke min hanci."

Ta kira mijinta a waya, ya yi dariya. "Tsohuwar da zare ma sai an zura mata a allura? Ke dai akwai ki da zargi."

"Kai kana hanya. Ni za a tambaya."

Kullum da safe tana ɗaure wa Tsigi takalmi tana tambaya, "Allah nawa ne?"

"Ɗaya!"

"Iya ta ce nawa ne?"

"Iya ta ce in tambaye ki."

Wannan amsar ta fi damunta. Gaskiya ce, ko wayon manya?

Rannan ta kasa haƙuri, ta yi sallama ta shiga ɗakin Iya. Iya na kishingiɗe a gado, ƙafafu a kumbure, rigar wata amarya rabin ɗinki a kan keke.

"Iya, ba faɗa na zo ba."

"Fuskarki ta riga bakinki, 'yata. Zauna."

Ba ta zauna ba. "Ku Allah uku kuke cewa. Ni kuma ɗaya nake so 'yata ta sani, shi kenan abin da na mallaka in ba ta."

"Uku? Allah ɗaya ne. Uba, Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya."

"To ai ga shi kin ƙirga uku a gabana."

Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce, "Na tsufa ina jin bayaninsa, ban gama ganewa ba. Amma ban taɓa durƙusa wa biyu ba, balle uku. Yarinyarki kuwa ban koya mata ba. Ciwo ke taso min in yi abina, ita kuma idonta ba ya barin komai."

Maman Tsigi ta dube ta da kyau, tana neman inda ƙaryar take. Ba ta gani ba, ba ta kuma yarda ba. Washegari ta tafi da Tsigi wurin aiki, ta zaunar da ita a kan buhun fulawa nesa da tanda, mai gidan burodi na ta ƙunƙuni. Haka aka ci gaba. In sun wuce ƙofar Iya sai ta ƙara damƙe hannun yarinyar.

Wata la'asar sun dawo kenan, ko mayafi ba ta cire ba, ta ji ana buga bango a hankali. Ta fita da gudu.

Iya na kwance a gicciye, baki ya karkace, hannun dama a yashe kamar ba nata ba. Maman Tsigi ta gyara mata kai a matashi, ta lalubo wayar tsohuwar ta kira ɗanta. Ya ce ga shi nan, amma yana can ƙarshen gari.

"Hannuna," in ji Iya, da ƙyar maganar ke fita. "Ɗaga min."

Yatsun uku na ƙoƙarin haɗuwa a kan zanin gado. Maman Tsigi ta gane. Ta waiwaya, ga Tsigi a bakin ƙofa, ido a buɗe. Zargi ya ɗarsu mata: ko dama nan ake so a kawo ta, yarinya ta ga uwarta ta yi da hannunta? Ta sake duban Iya. Idon tsohuwar ba ya kan yarinyar, ba ya kan kowa, rufin ɗaki yake kallo.

"Tsigi, je ki zauna a matakala. Ki ba ƙofa baya. Kada ki juyo sai na ce."

Sai da ta ji takun yarinyar ya tsaya sannan ta durƙusa.

"Iya, ni ba zan yi ba, kin ji? Gwiwar hannun kawai zan tallafa miki. Sauran naki ne."

Hannun ba nauyi. Ya hau har goshi, ya sauko ƙirji, ya je kafaɗa ɗaya, ya tsaya. Ta ɗan ƙara turawa, ya isa ɗayar. Leɓen Iya na motsi da nata kalmomin. Leɓen Maman Tsigi ma na motsi da nata, kalmar shahada, ƙasa-ƙasa. Ba ta san wacce ta riga gamawa ba. Ta dai ji hannun ya yi nauyi.

Ta kwantar da shi, ta shafe idanun, ta ja zani har haɓa.

A waje Tsigi na zaune a matakala, baya ga ƙofa, gwiwoyi a haɗe, garin fulawa a gashinta.

"Mama, in juyo?"

"Tukuna."

Ta zauna kusa da ita, ita ma ta ba ƙofar baya, suna kallon bakin titi inda motar ɗan Iya za ta ɓullo.