Tsaga Biyu da Ɗigo

Ranar Talata Zuera ta rufe tukunyar gandarta tun kafin azahar, ta hau motar haya ta trotro daga Nima zuwa Kasuwar Makola don ta sayi wuƙa. A gida tana da wuƙaƙe bakwai na mijinta, marigayi Ishawu, wanda ya yi shekara talatin yana fawa a rumfar mahauta ta Maamobi, amma babu wadda za ta shiga aljihu a cikinsu. Wadda take nema ta 'yarta Hamdia ce, 'yar sanda mai ba motoci hannu, da ta shiga shekara ta biyu a aiki.

Abu biyu ne suka fito da ita. Na farko labari ne da Hamdia ta ba ta tana dariya. Wata tasi ta kife a gabanta, bel ɗin kujera ya riƙe direban ya ƙi kwancewa, ita kuwa abin da ke jikinta usur ne da biro da ɗan littafi. Sai da ta ruga ta ari addar mai sayar da kwakwa. Zuera ba ta ga abin dariya ba. 'Yar mahauci ce take aron ƙarfe a bakin titi.

Na biyu shi ne Jumma'ar da ke tafe, ranar da Ishawu zai cika shekara da rasuwa. A gidan su Ishawu kowane mahauci yana da alamarsa a ƙotar wuƙa, kuma mutum biyu ba sa riƙe alama ɗaya. Ta Ishawu tsaga biyu ce da ɗigo. Idan mai alama ya cika shekara da rasuwa, matarsa takan kawo wuƙa mai alamar ta ɗora a kan gungumen da yake sara nama, ɗansa ya ɗauka a gaban mahauta, alamar ta zama tasa. In babu ɗa, babban gida ya ba wanda ya ga dama. Babban gida yanzu shi ne Alhaji Sharfuddeen, wan Ishawu, kuma ya riga ya sanar cewa ɗansa Fataw ne zai ɗauka. Hamdia ita kaɗai Ishawu ya haifa, amma babu wanda ya tambaye ta.

Da Zuera ta yi maganar, Alhaji ya amsa mata ba tare da ya daina jan carbi ba. Ya ce yarinya mace ce, wannan ɗaya. Ya ce kuma ta bar sana'ar gida ta sa kaki da wando, har ma idan ta shigo layi mutane sukan canza hira. Ya ce ta kawo babbar wuƙar ƙaninsa ranar Jumma'a, ta bar dogon zance.

Mai shagon da ta shiga a Makola ya ɗauka wuƙar ɓare lemo take so. Da ta ce ta 'yar sanda ce, sai ya zaro wata doguwa mai ƙyalli, da zanen damisa a jikinta. Zuera ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta saurari ƙarar, ta mayar masa. Ta ce ƙarfen banza ne, iskar teku za ta cinye shi kafin damina ta fita. Ta gaya masa abin da take so: mai naɗewa, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, wadda ake buɗewa da babban yatsa ɗaya domin ɗaya hannun yana iya kasancewa riƙe da mutum. In ta buɗe ta kulle kanta, kada ta dawo kan yatsu. Kuma kada bakinta ya yi tsini sosai, tunda kusa da jikin mutane za ta riƙa aiki.

Ya jera mata guda biyar. Ta buɗe jakarta ta fito da guntun tsohon bel ɗin mota da ta karɓo wajen wani bakanike a Alajo, ta ce ya riƙe mata gefe ɗaya. Ta farko ta zame a kan bel ɗin. Ta biyu ta yanke, amma sai da ta ja sau uku. Ta huɗu, wata baƙa marar ado mai ƙananan haƙora a rabin kaifinta, ta raba shi a ja ɗaya. Zuera ta fasa ledar ruwa ta jiƙa hannunta, ta sake riƙe ƙotar, ta murɗa. Ba ta suɓuce ba.

"Hajiya, soja ce ke a da?" in ji mai shago.

"Matar mahauci ce. Naɗe mini wannan."

Daga nan ta wuce Maamobi wajen Ya'u maƙeri, mutumin Nijar da ya daɗe yana yi wa mahautan rumfar alama. Ta ce ya yi mata alamar Ishawu a ƙotar. Ya juya wuƙar a hannunsa, ya yaba ƙarfen, sannan ya ajiye ta a kan maƙera. Ya ce ba ya taɓa alamar gidan sai da bakin Alhaji, kuma rabin aikinsa daga rumfar nan yake fitowa. Ya ba ta haƙuri sosai, da irin Hausar nan tasu mai yawan gaisuwa. Zuera ba ta roƙe shi ba. Ta tambaye shi kawai wane magagari ne ya fi dacewa da irin wannan ƙota. Ya nuna mata wani siriri da ke rataye a bango, ya ce yana tsammanin akwai irinsa a akwatin marigayi.

Akwai kuwa. Washegari da hantsi ta zauna a bakin ƙofarta da magagari da ƙusa da guduma. Shekara ashirin da shida ita ce take wasa wuƙaƙen Ishawu kowace safiya kafin ya fita, kuma kowa a rumfar ya san haka, ko da yake ba a faɗa. Yatsunta sun san faɗin da ke tsakanin tsaga ta farko da ta biyu ba sai ta duba ba. Ta goga su a hankali, ta buga ɗigon da ƙusa, ta hure garin. Sannan ta kira Hamdia a waya ta ce ta nemi izini a wajen aiki ranar Jumma'a, ta same ta a rumfar babanta ƙarfe biyu, kuma kada ta tsaya canza kaya.

Bayan an sauko daga masallaci mahauta wajen goma sha biyar suka taru a rumfar. An kankare gungumen Ishawu an wanke shi. Alhaji Sharfuddeen yana kan kujera cikin farar riga, Fataw yana tsaye a damansa yana goge tafin hannu a wando. Zuera ta shigo da ƙunshi a farin ƙyalle, ta gaishe da Alhaji kamar yadda ƙanwa take gaishe da wa, ta tsaya. Ta ce tana jiran mutum ɗaya.

Hamdia ta shigo cikin kaki, hula a kanta, ƙurar titi a takalminta. Hira ta tsaya. Wani daga baya ya ce, "Koti ta iso, kowa ya ɓoye sikelinsa," domin koti suke kiran ɗan sanda a titin Accra. Aka yi 'yar dariya. Hamdia ta cire hula, ta rusuna ta gaishe da baffanta. Ya amsa a taƙaice, ya ce wa Zuera ta ɗora.

Ta ɗora ƙunshin a kan gungumen ta kwance ƙyallen. Fataw ya riga ya tako, amma da ya ga ƙaramar baƙar aba a naɗe maimakon babbar wuƙar fawa, sai ya tsaya ya waiwayi ubansa. Zuera ba ta dubi kowa ba sai 'yarta. Ta ga idon Hamdia ya sauka a kan ƙotar, ta ga ta gane. Yarinyar a rumfar nan ta yi rarrafe. Ba sai an yi mata bayani ba. Abin da Zuera ba ta sani ba shi ne ko za ta miƙa hannu. Tana da aikinta, tana da albashinta, ba ta buƙatar rigima da dangin uba.

Hamdia ta yi taku biyu ta ɗauki wuƙar.

Alhaji ya miƙe. Ya ce wannan ba wuƙa ba ce, abar wasan yara ce mai durƙusawa. Ya tambayi wanda ya yi alamar. Zuera ta ce ita ce, kuma duk wanda ke shakka ya kawo tsohuwar wuƙar Ishawu a gwada. Babu wanda ya motsa. Sai Alhaji ya ce alamar gida ba ta zama a wuƙar da take kwana a akwati. Dole ta yi aiki kullum, mai ita ya ci abinci da ita.

"Baba, nama dai ba zan yanka ba," in ji Hamdia. "Amma kullum tana ƙuguna. Igiya, bel, duk abin da ya riƙe mutum."

"Ajiye ta."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan ajiye ba."

Ya miƙo hannu, hannun ya tsaya a iska. A gidan ba a karɓar wuƙa daga hannun ɗan'uwa, kuma ba a miƙa ta hannu da hannu. Sai mai ita ya ajiye, wani ya ɗauka. Suna cewa wanda ya karɓa ya yanke zumunci da kansa. Alhaji ne ya fi kowa tsare wannan doka. Ya taɓa korar wani daga rumfar mako guda saboda ita, kuma rabin mutanen da ke tsaye sun ga ranar. Zuera ta san haka tun tana cikin trotro ranar Talata.

Hamdia ta buɗe wuƙar da babban yatsa, ta ji ƙarar kullewarta, ta naɗe, ta maƙala ta a ɗamararta kusa da usur. Wani tsohon mahauci da ya taso tare da Ishawu ya ce a hankali, "An ɗauka." Ba wanda ya maimaita, ba kuma wanda ya musa.

Alhaji ya koma ya zauna. Bai sake duban Hamdia ba. Ya ce wa Zuera daga yau babu fatar da za ta fita daga rumfar nan zuwa tukunyarta, kuma ya ga inda za ta samu ganda. Ta ce ana yanka shanu a wasu wuraren ma. Ta naɗe farin ƙyallenta, ta yi masa sallama yadda ya kamata, ta fita.

Suna tafiya a gefen babbar kwata, masu babur suna ratsa su, Hamdia ta ce da ta gaya mata tun farko. Zuera ta ce da ta gaya mata, da ta kwana biyu tana neman hanyar sulhu. Hamdia ta tambaya ina za ta riƙa sayo fata yanzu. Ta ce wannan matsalar gobe ce, kuma za ta tashi da wuri.

"Kowace Alhamis ki kawo ta in wasa," in ji Zuera. "Kada ki ba masu injin nan, suna ƙona ƙarfe."

"To, Mma."

"Kuma in kin je gaishe da baffanki, ki je. Amma ko alwala za ki yi a gidansa, kada ki ajiye ta."

A bakin titi Hamdia ta mayar da hularta, ta ɗaga hannu. Trotro ya tsaya.