Igiyar Ɗantsoho a Sararin Abuja

Ɗantsoho na Danwarai ya riga kowa ganin abin nan, haka yake faɗa, kuma ba ya son a ja da shi. Ranar da aka miƙo masa waya a teburin mai shayi na Jega Sabon Gari, aka nuna masa mutane suna shawagi a jikin wayar ƙarfe tsakanin dogayen hasumiyoyi a wani wurin wasa na Abuja, ko kallo na biyu bai yi ba ya mayar da ita.

"Wanga shi na sabon abu?" in ji shi. "Mutum rataye ga igiya? Tun ba a haifi wanda yaƙ ƙera shi ba nike wanga aiki. Su suna tahiya gicciye, ni ina tahiya ƙasa. Iyaka bambancin ke nan."

Ba ƙarya ya yi duka ba. Ɗantsoho maginin rijiya ne tun yana saurayi. Daga Aliero har ƙauyukan Maiyama babu inda ba a sha ruwan hannunsa ba. A Sarandosa rijiya ta taɓa rufe shi har wuya, mata suka fara kuka, aka jawo shi yana tofar da yashi yana tambayar inda aka ajiye masa furarsa. Wannan labari kowa a teburin ya haddace shi, har yara suna riga shi kai ƙarshe.

Lauwali ne ya ajiye kofi ya yi dariya. Taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kuma shi ya riƙe masa igiya a bakin rijiya shekaru masu yawa kafin ya koma noman albasa a Aliero ya yi tumbi.

"Bawana, baki dai," in ji Lauwali. "Ga sunan jikana nan tahe, gidan ɗana Abdulrazak, can Abuja. Mu tahi tare. In ka hau abin ga ka ƙetare, na yarda kai namiji na. In ka kasa, in amshe hulakka ranar kasuwar Jega, ka zagaya rumfuna kai ba hula kowa shi gani."

"Wa ab bawan wani tsakanina da kai? Na yarda. Jama'a ku shaida."

Aka shaida. Sai da ya hau babur zai koma Danwarai sannan abin ya fara yi masa kai-kawo. Dattijo mai furfura ya ratsa kasuwar Jega da kai a buɗe, ai gara a ce ya kwanta ciwo. Kuma me ya sa wayar ta faɗo hannunsa daidai lokacin da Lauwali yake zaune? Wa ya ce a nuna masa? Ya tuna yadda mai shayi ya sunkuyar da kai yana murmushi. Shiri ne. An daɗe ana ƙulla shi.

Saboda haka shi ma ya yi nasa shirin. Ya shiga ɗaki ya sauko da igiyarsa ta rama, wadda ya tufka da hannunsa, wadda ta sauke shi rijiyoyin da ba ya iya lissafawa. Ya bi ta gaba da gaba yana murzawa yana shinshinawa, ya naɗe ta ya cusa a buhu. Da matarsa ta tambaye shi ko rijiya za a gina a gidan suna, ya ce mata ta ji da tukunyarta.

Washegarin suna Abdulrazak ya kwashe su a mota ya kai su wurin. Ɗantsoho ya tsaya a ƙofa ya ƙare wa komai kallo. Hasumiyar ƙarfe da katako ta fi kowace giginya da ya sani tsawo, wayar ta tashi daga kanta ta ratsa saman wani tafki mai koren ruwa, ta je ta faɗa wata hasumiya can nesa. Mata da maza suna wucewa fiu, suna ihu, ƙafafu suna reto. Bai damu da tsawon ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, ya duba wannan gefe, ya duba wancan, bai ga mutum ko ɗaya riƙe da bakin wayar ba.

A sana'arsu kuwa doka ɗaya ce ba a taɓa ta. Ba ka sauka sai da mutum a bakin igiya, mutumin da ka san shi ka san ubansa, domin in ya sake ka a san gidan da za a je. Shi kuma mai riƙo ba ya saki, ko sama za ta faɗo, sai na cikin rami ya ce a saki.

Suka hau matakala, Abdulrazak ya tsaya a ƙasa ya ɗaga waya. Ɗantsoho ya lura da wannan ma. A sama suka tarar da ma'aikacin wurin, wani dogo mai fara'a da ya ce sunansa Filibus. Ya sa Ɗantsoho ya tuɓe babbar riga, ya ɗaura masa ɗamara mai zagaye cinyoyi da ƙugu, ya kifa masa hular kwano a kan hularsa, don ya rantse ba zai cire ta ba. Sannan ya maƙala ƙugiyar ɗamarar a jikin wata 'yar tayar ƙarfe da ke kan wayar.

"Yaro, wa ka riƙon wagga waya?"

"Ba mai riƙewa, Baba. A ɗaure take, tana ɗaukar mota ma."

"Mota ta gaya maka? Wa yaɗ ɗaure ta?"

"Injiniyoyi ne, Baba."

"Ɗiyan wa?"

Filibus ya yi dariya, ya kalli Lauwali, Lauwali ma ya yi dariya. Ɗantsoho ya ga kallon nan da idonsa. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, ina suka samo dariya iri ɗaya? Har zuciyarsa ta ce masa ya sauka. Sai ya ji nauyin hularsa a ƙarƙashin kwanon.

Filibus ya juya baya yana magana a 'yar rediyonsa da na ɗaya hasumiyar. Nan take Ɗantsoho ya fizgo buhun da Lauwali ya hau masa da shi a zaton guzuri ne, ya zaro bakin igiya, ya ƙulla a ɗamararsa ta gefen ƙugu. Hannunsa bai manta ba, kafin ƙiftawar ido ƙullin ya zauna. Ya tura buhun gaban Lauwali.

"Riƙa."

Dariyar Lauwali ta ɗauke. "Kai, Ɗantsoho, nan ba rijiya ba ta."

"Na san da bakinka cikin wagga magana. Amma nan bisa kai kaɗai na san ubanka. Riƙa, in ka sake ni Allah na gani."

Lauwali ya jawo buhun. Ya zagaya igiyar sau ɗaya a jikin ƙarfen dandamalin, kamar yadda suke yi a gungumen bakin rijiya, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kafa ƙafa.

"Hanya ta buɗe, Baba, bismilla," in ji Filibus, idonsa yana can ƙetare.

Ɗantsoho ya yi bismilla ya saki ƙafa.

Bai yi fiu ɗin da sauran suke yi ba. A hankali ya tafi, kamar guga cike da ruwa, Lauwali yana sakar masa igiya kaɗan-kaɗan, ramar tana kuka a jikin ƙarfe. Ya ji Filibus a bayansa yana salati irin nasu yana cewa mene ne wannan, wa ya kawo wannan. Ɗantsoho ya gyara zama a cikin ɗamara. Ga yadda ake aiki, in ji shi a ransa, bari su koya.

Yana saman tsakiyar tafkin sai ya ji an tsaya cak. Igiya ta ƙare. An tufka ta ne don zurfin rijiya, ba wanda ya taɓa gina rijiya mai tsawon wannan waya.

Ya rataya a nan, iska tana juya shi. A ƙasa mutane suka taru a bakin ruwa, kowa ya ɗaga waya. Wata mata tana cewa a taimaki tsoho, wasu samari suna riƙe ciki. Daga baya muryar Filibus tana isowa.

"Baba, ka saki igiyar! Don Allah ka saki, zai tafi da kansa!"

"Ba ni saki!" Muryar Lauwali ce, a shaƙe. "Sai mai igiya ya ce!"

"Za a kore ni daga aiki!"

"A kore ka! Ɗantsoho! In jawo ka?"

To, ga inda aka nufa tun farko, in ji Ɗantsoho. In jawo ka. Wato ya dawo da baya kamar akuyar da aka kamo, a gaban wayar Abdulrazak, ranar kasuwa kuma a tuɓe masa hula. Lauwali ya riƙe igiyar nan shekara da shekaru, ya san tsawonta kamar yadda ya san hanyar gonarsa. Ya san ba za ta kai ba, ya yi shiru. Wa ya sani ma ko ya rage ta a gidan suna?

Ya waiga. Daga nesa yana hango taubashin nasa ya jingina da baya, tumbi a gaba, hula ta karkace, Filibus yana jan hannunsa yana ƙi. Ya duba gaba, ga ɗaya hasumiyar, wata mace a kanta tana yi masa alama da hannu. Sannan ya ɗaga kai ya kalli 'yar tayar da ke saman kansa. Tun da ya baro dandamali ita ke ɗauke da shi, igiyar ba abin da take yi sai ja da baya. Wannan bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ba zai faɗa ba.

Ya ce wa Lauwali ya saki? Ya roƙe shi ke nan a gaban jama'a. Bai yi ba. Ya kama igiyar da hannu biyu, ya ja jikinsa baya kaɗan har ƙullin ya yi sanyi, ya sa yatsa ya zare shi.

Can baya aka ji tim, Lauwali ya zauna da ƙarfi a kan katako. Shi kuwa Ɗantsoho, karo na farko a rayuwarsa, yana rataye ba hannun kowa a igiyarsa. Tayar ta yi ƙara ta kwashe shi. Waɗanda suke wurin sun ce ihu ya yi har tsuntsayen tafkin suka tashi. Shi ya ce kirari yake yi wa kansa, mutanen birni ne ba su san kirari ba.

Da yake daga tsakiya ya taso, gudun bai ishe shi ba. Ya rage kaɗan ya isa sai tayar ta yi sanyi ta tsaya. Matar da ke kan hasumiyar ta jefo masa wata igiya mai ruwan ɗorawa.

"Kama, Baba, in jawo ka."

Ya bar igiyar tana lilo a gabansa. "Ke ɗiyar wa?"

"Baba, mutane suna jira!"

"Su jira. Wa ab babanki?"

Ta dafe goshi. "Sunana Josephine. Babana Ya'ƙub, makanike ne a Zuru."

"Zuru? Ke ce min ɗiyar gida ta. In kin sake ni na san hanya." Ya kama.

Da ƙafarsa ta taɓa katako ya cire kwanon, ya shafa hularsa, ya gyara mata zama. Masu wurin suka zo da fuska a ɗaure, suka miƙa musu buhunsu, suka raka su har ƙofa, suka ce wa Abdulrazak kada ya sake kawo su. Ɗantsoho ya ce dama ya san za a yi haka, ba sa son wanda ya gane aikinsu ba mai riƙo.

A mota Lauwali ya zauna gefen Ɗantsoho. Ya ɗora hannayensa a kan gwiwa, tafin a sama. Rama ta cinye fatar, ta bar jan layi daga wannan gefe zuwa wancan. Ɗantsoho ya kalla ta wutsiyar ido, ya mayar da fuskarsa taga.

"Da ka saki tun da yaron ga yac ce," in ji Ɗantsoho.

"Kai ka ce in saki?"

Kafin su iso gida hoton ya riga su. A teburin mai shayi aka yi shari'a. Lauwali ya ce jawo shi aka yi, mace ma ta jawo shi, don haka hula tasa ce. Jama'a suka ce sharaɗi dai a ƙetare ne, kuma ga shi a waya ya tashi daga wannan hasumiya ya sauka a waccan. Ranar kasuwa Ɗantsoho ya zagaya rumfuna tun daga 'yan albasa har 'yan shanu, hula a karkace, yana gaisawa har da waɗanda ba sa magana.

Sau da yawa an ga babur ɗinsa a ƙofar gidan Lauwali a Aliero, da ɗan kwanon man shanu na shafa wa hannu. In aka tambaye shi sai ya ce bincike yake yi, har yanzu bai gamsu ba a rage masa igiya ba, kuma sai ya kama mai laifi.

Yanzu in labarin ya tashi, cewa yake duk Abuja ba wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyar wayar nan ya huta ya kalli gari sai shi, saura wucewa suke yi ido a rufe. In wani saurayi ya yi gyaran murya, sai ya juyo masa gaba ɗaya.

"Kai mai tari, ba ka yarda ba? Tashar mota na nan, ba ta gudu ba. Tahi ka hau, ka tsaya tsakiya bisa ruwan ga, ka kwance igiyakka da hannunka. In ka dawo da wandonka busasshe, zo ka zauna nan ka ƙaryata ni."